Baƙin Wuyan da Soso Ya Kasa Fitarwa

Akwai wani baƙi da ke fitowa a bayan wuyan wasu 'yan mata, wanda uwa kan ɗauka dauɗa ce. Ta sa soso da sabulun salo ta cuɗa har fatar ta fara zafi, amma baƙin yana nan daram. In biki ya matso a kai yarinya wajen mai gyaran jiki, a yi dilka, a yi halawa, a shafa kurkur. Fuska ta yi fes, hannuwa su yi sumul, wuya ya ƙi. Wanda ya taɓa wurin zai ji fatar ta yi kauri, ga laushi, ga 'yan layuka a jere. Sau da yawa akwai irinsa a hammata da matsematsi.

Idan aka zauna da yarinyar aka tambaye ta a hankali, sai wasu abubuwan su fito. Al'adarta takan tsallake wata biyu ko uku. Akwai gashi mai kauri a haɓarta da take tsigewa a ɓoye. Ƙuraje sun ƙi barin fuskarta, siket ɗin sallar bara kuma ya ƙi shiga ƙugu. Kowane kuka da inda ake kai shi. Wuya na mai sayar da man shafawa ne. Al'ada a ce sanyi ne, a nemo jiƙo. Gemu a ce gado ne daga dangin uba. Ƙiba kuwa ba a ma lissafa ta cikin matsala, yabo ake yi: “Masha Allah, hutu ya karɓe ta.” To me ya haɗa wuya da haila, me ya haɗa gemu da teɓa? Likitoci sun kwashe kusan shekara 70 kafin su kai ga amsar.

Alamar farko ta fito ne daga birnin Faris. A 1921 likitoci biyu, Émile Achard da Joseph Thiers, suka ba da labarin wata dattijuwa mai gemu wadda kuma take da ciwon suga. Suka yi zargin cewa abubuwan biyu suna da alaƙa, sai dai babu wanda ya iya nuna ta wace hanya, domin a shekarar ne ma ake ƙoƙarin ciro sinadarin insulin a Toronto ta Kanada.

A 1935, a asibitin Michael Reese da ke Shikago, likitocin mata Irving Stein da Michael Leventhal suka ba da rahoton mata 7 da al'ada ta ɗauke musu ko take musu wuyar zuwa. Wasu suna da gashin fuska, wasu suna da ƙiba, haihuwa kuma ta yi wuya. Da aka buɗe cikinsu sai aka tarar gidan ƙwansu ya kumbura, ya cika da 'yan ƙananan jakunkuna. Suka yanke wani ɓangare na gidan ƙwan, al'ada ta dawo musu, biyu suka samu juna biyu. Kowa ya ce an kama mai laifi: gidan ƙwai ne. Wannan ita ce lalurar da ake kira PCOS a yau, kuma an shafe shekaru ana ɗaukarta matsalar haihuwa kawai.

Amma akwai tambayoyin da wuƙar likita ba ta amsa ba. In gidan ƙwai ne kaɗai, me ya sa waɗannan mata suke yawan kamuwa da ciwon suga? Me ya kawo fatar wuya cikin zancen?

Wani likita a Marsel ta Faransa, Jean Vague, ya tunkari abin ta wata fuska. A 1947 ya lura cewa ƙiba kala biyu ce. Akwai wadda take taruwa a cinyoyi da mazaunai, akwai wadda take taruwa a ciki da ƙirji. Mutum biyu za su iya hawa sikeli nauyinsu ya zo ɗaya, amma mai kitsen ciki shi ne ciwon suga da ciwon zuciya suke bi. Yawancin matan da ke da gashin fuska da rikicin haila, irin ƙibar cikin ce gare su. An samu wata alamar ke nan, amma ba a ga hannun da ke aikata ɓarnar ba, saboda har lokacin babu hanyar auna insulin a jini yadda ya kamata.

Wannan hanya ta samu a 1960, lokacin da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro ta a Niyok. Abin da ta nuna ya ba da mamaki. Ana zaton mai ciwon suga insulin ne ya yi masa ƙaranci, sai ga shi manya da yawa masu ciwon suna da shi jingim a jininsu. Insulin yana nan, jiki ne ya daina jin maganarsa. A 1976 Ronald Kahn da abokan aikinsa suka bayyana marasa lafiya 6 masu wannan baƙin fata, aka tarar insulin ɗinsu ya yi matuƙar yawa, kuma a cikinsu akwai 'yan mata masu gashin fuska da rikicin haila. A 1980 George Burghen da abokansa a Memfis suka nuna cewa a jikin masu PCOS, gwargwadon yawan insulin, gwargwadon yawan sinadarin maza. A 1989 Andrea Dunaif ta tabbatar cewa har siraran da ke da lalurar suna da wannan taurin kunne ga insulin, ƙiba kuma ƙara shi take yi.

Daga nan komai ya hau layi. Aikin insulin shi ne ya yi sallama a ƙofar tsoka da hanta, a buɗe, sugan da aka ci ya shiga. Idan mutanen gidan suka kurmance, sai mai sallama ya ɗaga murya, ya yi ta ɗagawa, har maƙwabtan da kunnensu ke lafiya su rasa sukuni. Gidan ƙwai yana cikin waɗannan maƙwabta. Yawan insulin yana tunzura shi ya riƙa fitar da sinadarin maza, testosteron, fiye da kima, yana kuma hana hanta yin wani furotin da ke ɗaure wannan sinadari a jini. Sinadarin mazan shi ke fito da gemu da ƙuraje, shi ke hana ƙwai nuna, su tsaya a rabin hanya su zama 'yan jakunkunan da Stein ya gani, al'ada ta rikice. Fata ma tana jin insulin: ƙwayoyinta su yi ta hayayyafa a wuraren da take naɗewa, ta yi kauri, ta yi duhu. Shi ya sa soso ba ya fitar da shi. Kitsen ciki kuwa, jinin da ke fitowa daga cikinsa kai tsaye hanta yake nufa, ya cika ta da maiƙo, ya ƙara mata kurunta. Insulin ya ƙaru, shi kuma insulin mai ajiye kitse ne, sai abin ya zama zagaye.

An gwada wannan bayani a aikace. A 1994, a Benezuwela, likitoci suka ba mata 26 masu PCOS maganin ciwon suga, metformin, wanda babu ruwansa da gidan ƙwai. Insulin ya sauka, sinadarin maza ya sauka, wasu al'adarsu ta daidaita, wasu suka samu ciki.

Saura zuciya. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya nuna cewa taurin kunne ga insulin ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana zuwa da hawan jini, domin insulin yana sa ƙoda ta riƙe gishiri. Yana zuwa da yawan maiƙo a jini da ƙarancin kitse mai kyau da ke share jijiyoyi. Duk waɗannan suna cin bangon jijiya a hankali, ba ciwo, ba zazzaɓi. Wani dogon bincike da aka fara a Amurka a 1976 kan ma'aikatan jinya mata sama da 120,000 ya nuna cewa wadda ta ƙara kilo 5 zuwa 8 a kan nauyinta na shekara 18, haɗarin ciwon suga ya kusan ninka mata. Ya kuma nuna cewa waɗanda al'adarsu ta kasance a rikice tun ƙuruciya sun fi samun toshewar jijiyoyin zuciya daga baya. Kafin a kai can ma, goyon ciki yakan tona asiri: sugan masu juna biyu, da hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa PCOS tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba a gano suna da ita ba.

A ƙasar Hausa akwai abin da ke ƙara dagula lissafin. Budurwar da ake wa gori da rama takan je kemis ta sayi “sha ka fashe”, wanda sau da yawa deksametason ne ko maganin buɗe ciki, ko duka biyun. Deksametason yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da ƙeya, ya ɗaga suga da jini. Wasu mayukan bilicin da ake shafa wa baƙin wuyan ma suna ɗauke da dangin wannan magani, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Wato da kuɗinta take sayen ciwon da wata ke neman tsari da shi.

Ba kowace mai jiki ce ke da wannan matsala ba, ba kuma kowace siririya ce ta tsira ba, akwai gado a ciki, don haka gori da tsangwama ba su da amfani. Abin da ke da amfani shi ne awo. A samu zare a yanke shi daidai tsawon mutum, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a ninka shi biyu, a zagaya shi a ciki, ɗan sama da cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya wuce iyaka. Da tef ɗin tela kuwa, santimita 80 ita ce iyakar mace. Daga nan sai asibiti, a auna jini, a auna suga kafin karin kumallo, a duba maiƙon jini.

Abin daɗin shi ne wannan kurunta tana sauƙi. A wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, metformin kuma ya rage ta da kashi 31. Ga mai kilo 85, maganar kilo 6 ake yi: a rage lemon kwalba da sugan shayi da na kunu, a rage tuwo a ƙara miya da wake da kwaɗon zogale, a yi tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Mata da yawa ragin da bai wuce haka ba ya ishi al'adarsu ta dawo. Wadda ta je wajen likita don neman haihuwa ko don ƙurajen fuska, kada ta fito sai ta ce masa: “Likita, a duba mini jini da suga ma.”