Shin Ko Kun San? Wutar Naira 200 a Wata da Sauran Abubuwan Mamaki na Gaɓar Kainji

Shin ko kun san akwai wutar lantarki ta naira 4? Ƙwarai kuwa, naira huɗu kan kowane yunit! Hukumar NERC, mai yanka farashin wuta a Najeriya, ta ware aji na musamman domin gidan da ba ya shan fiye da yunit 50 a wata. A takardun kamfanonin rarraba wuta an daɗe ana kiran ajin R1. Ku buga lissafin da kanku: 50 sau 4. Naira 200 ke nan a wata guda, kafin a ɗora haraji. Kuɗin da ko rabin litar fetur ba zai saya ba!

To ku riƙe wannan, ku ji na gaba. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka ɗaga farashin masu rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 225 kan kowane yunit. A lokacin, yunit 50 ɗin nan a wurinsu ya tashi naira 11,250. Wuta ɗaya, waya ɗaya, amma farashin ya ninka sau 56!

Kun san da awa ake raba mutane a harkar wuta? Tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar. Rukunin A, aƙalla awa 20 a rana. B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Gwargwadon awannin da aka yi muku alkawari, gwargwadon farashin da za ku biya. Kowane layi da rukuninsa, kuma haƙƙinku ne ku san na unguwarku. Yauri, Ngaski da Shanga duk suna hannun kamfanin Kaduna Electric, wanda ke riƙe da jihohi huɗu: Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi.

Ga wani abin kuma. Duk wanda ba ya rukunin A, gwamnatin tarayya ce ke cika masa kuɗin wutarsa, ko ya sani ko bai sani ba. A shekarar 2024 kaɗai tallafin ya doshi naira tiriliyan 2. Tiriliyan fa! Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tallafin yana bin yawan abin da gida ya sha. Mai na'urorin sanyaya ɗaki uku ya fi mai fanka ɗaya cin moriyarsa. Wanda falwaya ba ta isa garinsu ba kuwa, ko sisi bai gani ba.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi ƙwan da ke rataye a ɗakinku. Shi ne alƙalin wannan magana.

Ƙwai na da, mai jan zare a ciki, yana shan wat 60. Kun san kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zafi yake mayar da ita? Haske ɗan ragowa ne kawai. Shi ya sa yake ƙona yatsa in an taɓa shi. A zafin Yauri na watan Afrilu, kuna biyan kuɗi ne a ƙara muku gumi! Farin ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da nasa, kuma yakan yi shekaru bai mutu ba.

Mu buga lissafi tare, domin a nan mamakin yake. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Ku kunna tsohon ƙwai awa 6 kowane dare, kwana 30. Ya sha yunit 10.8. Ƙwaye biyar, na zaure da tsakar gida da ɗakuna uku, sun sha yunit 54. Kun gani? Ƙwaye kaɗai sun tsallake da gidan iyakar yunit 50, ba a kunna fanka ba, ba a sa waya caji ba! Ku cire su ku sa LED biyar. Yunit 8.1 kacal. Haske bai ragu ba, amma yunit kusan 46 sun dawo aljihu.

Me yunit 50 zai riƙe a gida? Abin zai ba ku mamaki. Ƙwayen LED huɗu, awa 6 kullum: yunit 6 da rabi. Fankar sama mai wat 75, awa 8 kullum: yunit 18. Talabijin ta zamani mai wat 50, awa 4 kullum: yunit 6. Wayoyi uku, a cika su kullum: ba su kai yunit 2 ba a wata. Ku haɗa. Ba a wuce yunit 33 ba! Saura 17 na rediyo da guga ranar Juma'a.

Wayar nan da ba ta rabuwa da hannunku fa? In kuka cika ta kowace rana shekara guda cur, abin da za ta sha bai kai yunit 10 ba. Ƙwai ɗaya na da yana shanye fiye da haka a wata ɗaya. Ku faɗa wa duk maigidan da ke yi wa yara faɗa kan caji ya bar ƙwan ƙofar gida a kunne har hantsi.

Manyan masu cin wuta su ne duk abin da ke yin zafi. Dutsen guga na lantarki mai wat 1,000 yana cinye yunit guda a awa ɗaya. Hitar da ake tsomawa a bokiti da hunturu ita ma haka, wata ma ta fi. Awa ɗaya ta hita daidai take da kunna ƙwan LED sama da awa 110! Dabarar ita ce a tara kayan guga a yi su lokaci guda, a dafa ruwa daidai buƙata. Firji kuma a duba robar ƙofarsa. In ta saki, injin ba zai huta ba dare da rana.

Amma duk wannan tsimi sai da mita. Kusan rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da ita, bil na ƙiyasi ake kawo musu. Mai ƙiyasi ko ya sauya ƙwaye goma, takardar ba ta san ya yi ba. Kun san tun Fabrairun 2020 NERC ta sa wa ƙiyasi iyaka? Kowane yanki akwai adadin yunit da kamfani ba shi da izinin wucewa ga wanda bai ba mita ba. Kun kuma san in mutum ya sayi mita da kuɗinsa a tsarin MAP, ƙa'ida ta ce a riƙa mayar masa da kuɗin ta hanyar ƙarin yunit? Mutane da yawa sun biya sun manta!

Tiransifoma fa? Falwaya da wayar kan titi fa? A ƙa'idar NERC, sayensu da gyaransu nauyin kamfani ne. Mai ƙorafi yakan fara kai kuka ofishin ƙorafi na kamfanin, a rubuce. In ba a share masa hawaye ba, sai ya wuce zauren sauraron koke na NERC.

To daga ina wutar take fitowa? Daga bayan gidanku! An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a Fabrairun 1969. An tsara mata gurbin injuna 12, aka girka 8, masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon kilomita kusan 135, bakinsa na arewa yana nan wajen Yelwan Yauri. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200.

Kuma an biya farashi mai tsada. Mutum fiye da 40,000 aka tayar daga gidajensu. Tsohuwar Bussa ta nutse ɗungurungum, tare da duwatsun ruwan da Mungo Park ya halaka a wajensu a 1806. Gungawa, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman albasa da gero a tsibiran kogin Kwara, aka kwashe su zuwa sababbin garuruwa a gaɓa. Gonaki, makabartu, kukoki, duk suna ƙarƙashin ruwan da ke juya injunan. Saboda haka duk lokacin da mutumin Wara ko Birnin Yauri ko Shanga ya nemi rangwamen wuta, ni a wurina haƙƙinsa yake nema, kuma kakanninsa sun riga sun ba da kafin alƙalami.

Kun san tafkin nan sau biyu yake samun cikowa a shekara? Ta farko farar ambaliya ce, daga ruwan daminar yankinmu, mai kauri da laka, tana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu baƙar ambaliya, ruwa garau, tana isowa da hunturu. Ruwan sama ne da ya zuba a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya wuce Yamai, sannan ya iso Yauri. Fankar da ke juyawa a Janairu, mai yiwuwa ruwan Gini ne ke juya ta!

Wutar ma tana ƙetare iyaka. Babban layi ya tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga can wani ya miƙa har Yamai tun shekarun 1970. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Jamhuriyar Nijar daga Najeriya take zuwa.

Ga labarin da na fi so a yaɗa. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ta Ghana ya yi ƙasa sosai, ƙasar ta shiga duhu. Me gwamnati ta yi? Ta raba ƙwaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta, ana karɓe tsofaffin. Nauyin da ke kan layi a lokacin cunkoso ya ragu da megawat 124. Injin da ya fi girma cikin takwas ɗin Kainji megawat 120 yake bayarwa. Sauya ƙwai kawai ya fi ƙarfin inji guda, ba a tayar da ƙauye ko ɗaya ba! Indiya ta bi sahu a 2015 da shirin UJALA, ta sayar da ƙwayen LED sama da miliyan 360 a farashi mai rahusa. Afirka ta Kudu kuwa tun 2003 take ba gidajen marasa ƙarfi yunit 50 kyauta kowane wata. Kyauta!

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta tanadi asusun tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi wajen biyan kuɗin wuta, dokar lantarki ta 2023 ta sake tabbatar da shi. Gyaran da aka sa wa hannu a Fabrairun 2024 ya ce kamfanonin samar da wuta su ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekara domin garuruwan da ke maƙwabtaka da su. Akwai kuma hukumar HYPPADEC mai hedikwata a Minna, wadda aka kafa musamman domin yankunan madatsun ruwa, Kebbi na cikinsu. Wanda aka naɗa ya fara tafiyar da ita ma ɗan ƙasar Yauri ne, Abubakar Sadiq Yelwa. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a riƙa tambayar kansila da ɗan majalisa a kansu duk ranar da suka zo gari.

Garuruwan da waya ba ta kai ba fa? 'Yan Najeriya wajen miliyan 85 ne ba su da lantarki, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda hukumar kai wuta karkara, REA, ke gudanarwa, da burin kai wutar sola ga mutum miliyan 17.5. Tallafin yana zuwa ne ga kamfanin da ya kafa ƙaramar tashar sola a gari, domin farashi ya sauko wa mai saye. Garin masunta da ke buƙatar ƙanƙara don kifi, da manoman rani masu kashe kuɗi kan fetur ɗin injin ban-ruwa, su ne irin kwastomomin da waɗannan kamfanoni ke nema ruwa a jallo.

A daren nan ku ɗauko takardar bil ko rasiɗin katin mitarku. Ajinku da farashin yunit suna rubuce a jiki. In shan gidanku bai kai yunit 50 ba, ku riƙe rasiɗan 'yan watanni ku je ofishin kamfani ku tambayi yadda ake shiga ajin naira 4. Ku tafi da maƙwabci, shi ma ya duba tasa!