Akuyar da Ta Rasa Mai Ita: Yadda Za Mu Sake Mata Gida Ba Tare da Jawo Annoba Ba

'Yan'uwa, a shekarun nan awaki da yawa suna rasa masu su. Ambaliya takan raba dabba da gidanta, kamar yadda aka gani a wurare da dama a 2012 da 2022, da kuma a Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Tashin hankali yakan sa iyali su gudu su bar turke. Wani lokaci tsohuwa ce ta rasu, 'ya'yanta suna birni, ba mai kiwo. Irin waɗannan awaki sukan ƙare a ƙofar mai unguwa ko a harabar majami'a.

A gefe ɗaya kuma ga gwauraye da iyalai da suka dawo daga gudun hijira ba su da ko kaza. Sai mutum ya ga abin da sauƙi: a kwance akuya a miƙa wa mai bukata. Amma akuya ɗaya da aka bayar cikin gaggawa tana iya kashe awakin unguwa duka, ko ta haɗa maƙwabta faɗa. Bari mu bi matakan da za su sa taimakon ya tsaya da ƙafarsa.

1. A fara da cigiya

Akuyar da aka tsinta tana da mai ita, ko da ba mu san shi ba. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 22 ya umarci wanda ya ga ɓatacciyar dabba ya riƙe ta a gidansa har mai ita ya zo nema. Saboda haka a kai rahoto wurin mai unguwa ko dagaci, a yi sanarwa bayan sujada, a aika wa liman ya sanar a masallaci, a kuma gaya wa dillalai a kasuwar dabbobi. A rubuta ranar da aka same ta, da launinta, da shaidar da ke kunnenta. Kada a faɗi dukan alamominta a cikin sanarwa. A bar mai nema ya faɗa da bakinsa.

Wannan mataki yana kāre mu. A inda satar dabbobi ta yi yawa, wanda aka samu da akuyar wani ba tare da shaida ba zai sha wuyar wanke kansa. Mai unguwa ne zai yanke tsawon lokacin jira, kuma a gabansa za a yi bayarwa.

2. A keɓe ta mako uku zuwa huɗu

Babban abin tsoro shi ne ciwon da likitocin dabbobi suke kira PPR. Ɗan'uwan bushiyar shanu ne, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. An fara gane PPR a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Alamunsa su ne zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, tari, da zawo mai wari. Ba ya kama mutum. Amma idan ya shiga garken da ba a taɓa yi wa allura ba, yana iya kashe har tara cikin goma.

Haɗarin shi ne akuya tana iya ɗauke da ƙwayar ciwon tana cin abinci lafiya. Yawanci alamun sukan fito bayan kwana huɗu zuwa shida, amma ka'idar da likitoci suke bi ita ce a jira kwana 21. Don haka a yi mata turke nesa da sauran awaki da tumaki, inda ba za su haɗa hanci ba. A ba ta kwanon ruwa nata ita kaɗai. Mai kula da ita ya fara da dabbobin gida, ya zo wurinta a ƙarshe, sannan ya wanke hannu da sabulu.

A cikin waɗannan makonni a duba jikinta ko akwai kaska, ƙwarƙwata ko ƙazuwa. A ja fatar idonta ta ƙasa: idan ta yi fari maimakon ja, jini ya ragu, kuma sau da yawa tsutsar ciki ce. Akuyar da ta yi yawo a bolar gari tana iya cika ciki da leda, ta riƙa ramewa ko da tana ci. Wannan sai likita.

Akuyar da ta sha yunwa kada a cika mata kwano da masara ko dawa don tausayi. Cikinta zai kumbura, tana iya mutuwa. A fara da ciyawa da harawa da ruwa mai tsabta, a riƙa ƙara dusa kaɗan kaɗan.

3. A yi allurar rigakafi

PPR ba shi da maganin da ke kashe shi. Allurar da ake saya a kasuwa tana taimaka wa ciwon huhu da ke biyo baya ne kawai. Rigakafi ya fi magani. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar PPR, kuma allura ɗaya tana kāre akuya shekara uku ko fiye. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abijan suka amince a kawar da wannan ciwo nan da 2030.

Allurar tana lalacewa idan ta yi zafi, kuma da zarar an haɗa ta sai a yi amfani da ita nan take. Kwalba ɗaya ta ishi dabbobi masu yawa. Shi ya sa ya fi kyau kwamiti ya gayyaci malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, a tara awakin unguwa duka rana ɗaya. Ba a yi wa akuya mara lafiya. Idan an ba ta maganin tsutsa ko wata allura, a tambayi malamin kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta. Akuyar da ta yi ɓari kuwa kada a kai ta gidan kowa sai likita ya duba, domin akwai ciwon ɓari da ke kama mutum. A binne abin da ta zubar, kada a taɓa shi da hannu. Nonon akuya kullum a tafasa shi.

4. A san shekarunta da irinta

A buɗe bakinta a duba haƙoran gaba na ƙasa. Manyan haƙora biyu, ta wuce shekara ɗaya. Huɗu, wajen shekara biyu. Shida, wajen uku. Takwas, ta kai huɗu. Idan sun cinye ko sun fara zubewa, ta tsufa. Ba adalci ba ne a ba gwauruwa irin wannan da sunan jari. Gara a yi mata kiwon turke, a sayar, a sayi ƙarama da kuɗin. Haka ma bunsurai idan sun yi yawa: a bar mai kyau ɗaya don unguwa, a dandaƙe sauran su zama taure.

Iri ma yana da muhimmanci. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta saba da ƙasarmu ta arewa, tana yawan haifar tagwaye. Doguwar akuyar Sahel tana son busasshen wuri, danshi yana wahalshe ta. Gajeriyar akuyar kudu ita ce ta fi jure sammore a inda tsando yake. A kai kowace inda jikinta ya sani.

5. A zaɓi gidan da zai iya

Tambaya ta fari ba wa ya fi talauci ba ce kawai. Sai a haɗa da: me akuyar za ta ci a watan Maris da Afrilu? Gidan da zai karɓa ya nuna harawar wake ko ta gyaɗa da ya ajiye a kan rumfa, ko inda zai samu 'ya'yan gawo da dusa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kasance akwai ɗan ɗaki mai rufi da busasshiyar ƙasa, da igiya da turke don damina, kada ta shiga gonar maƙwabci. A tambayi wa zai yanko ciyawa, don kada a cire yaro daga makaranta saboda akuya. Idan tsohuwa ce mara ƙarfi, zumuntar mata ta sa wanda zai taimake ta.

Akuya dabbar garke ce. Idan ita kaɗai ce takan yi ta kuka, ta ƙi ci. In da hali a ba da biyu tare. Mai gida da uwargida duka su yarda a gaban shaidu, a kuma faɗi sunan mai akuyar a fili, don kada a wayi gari an kai ta kasuwa.

6. A yi alkawarin miƙa wa na gaba

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san ba da kiwo. Fulani suna da al'adar habbanaye, inda mai dabba yake ara wa wanda ya rasa, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, ya mayar da uwar. Ƙungiyar Heifer ma da aka kafa a Amurka a 1944 a kan wannan ta tsaya: wanda ya karɓi dabba zai ba wani 'yarta ta fari. Wanda ya kafa ta, Dan West, ɗan ikilisiyar nan ce da masu bishararta suka fara aiki a Garkida a 1923, wadda EYN ta fito daga cikinta.

Cikin akuya wata biyar ne. Idan an yaye 'yar, ta yi ƙwari, an yi mata allura, sai a miƙa ta ga gida na gaba a gaban jama'a. A rubuta yarjejeniyar tun ranar farko, har da abin da za a yi idan akuyar ta mutu ba da sakaci ba, ko idan mai ita na asali ya bayyana daga baya. Abin da ya dace shi ne a mayar masa da akuyarsa, mai kiwo ya riƙe rabonsa cikin 'ya'yan bisa ga al'adar wurin.

'Yan'uwa, muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum uku ko huɗu, maza da mata, su riƙe littafin awaki, su riƙa zagaya gidajen sau ɗaya a wata. A tanadi wurin keɓewa tun yanzu, a nemi sanin malamin dabbobi na yankinku, kafin wata akuya ta iso ƙofarku.