Dogon Hutu Ya Zo: Ina Yaranmu Za Su Wuni?

'Yan'uwa iyaye, a yawancin jihohinmu makarantu kan rufe a ƙarshen Yuli, ba a komawa sai cikin Satumba. Wato mako shida ko bakwai ke nan yaro yana hannunmu dare da rana. Hutun kuwa yakan faɗo a tsakiyar damina, lokacin da aikin gona ya yi yawa, sauro ya yi yawa, rafuka da kududdufai sun cika. Uba yana gona ko wurin aiki, uwa tana kasuwa, yaro kuma sai inda ƙafarsa ta kai shi.

Saboda haka ikilisiyoyi da yawa suke shirya sansanin hutu domin yara. Abu ne mai kyau, muna kuma ƙarfafa shi. Amma sansani na kwana biyar ne ko mako ɗaya, sauran makonnin namu ne. Bari mu duba biyun: yadda za mu zaɓi sansani, da yadda za mu tsara sauran hutun a gida.

Me yaro yake samu a sansani?

Wannan al'ada ta daɗe. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda muke ganin yaranta suna maci da ganguna a majami'unmu, William Alexander Smith ne ya kafa ta a birnin Gilasgo na Birtaniya a 1883, ta kuma yi sansaninta na farko a 1886. Abin da aka nufa tun wancan lokaci shi ne yaro ya bar gida na ɗan lokaci, ya zauna ƙarƙashin tsari tare da sa'o'insa. A can yake koyon tashi a kan lokaci, wanke kwanonsa, jiran layi, da zama da wanda ba yarensu ɗaya ba. Yana haddace ayoyi, yana koyon waƙa, yana buga ƙwallo. Yarinyar da ba ta iya buɗe baki a gida takan dawo ta tsaya gaban jama'a ta yi karatu.

Tambayoyi kafin mu biya kuɗi

Sunan ikilisiya a kan takardar gayyata bai isa ya sa mu rufe ido ba. Mu tuna abin da ya faru a Luka sura 2. Yesu yana da shekara 12 lokacin da iyayensa suka kai shi Urushalima domin Idin Ƙetarewa. Da suka kama hanyar gida, sun yi tafiyar yini guda suna zaton yana cikin ayari tare da dangi, sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali. Ayarin masu ibada ne, duk da haka ba wanda ya lura babu shi. Inda kowa yake zaton wani ne ke lura, a nan yaro yake ɓata. Don haka mu tambaya:

1. Wane ne shugaban sansanin? Muna da lambar wayarsa da ta mataimakinsa?

2. Yara nawa ne a hannun kowane malami? Idan mutum ɗaya ne da yara arba'in, wannan taro ne kawai, babu lura a cikinsa. Ana kiran suna safe da yamma, da kuma kafin mota ta tashi?

3. Ina za su kwana? Ɗakin 'yan mata dabam, da mata masu lura da su. Na maza dabam. Kada a yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki, ko wane ne shi, ko da fasto ne ko dattijo. Wannan doka tana kare yaron, tana kuma kare sunan malamin.

4. Yaya tsaron wurin yake? Ba mu manta da Yulin 2021 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna. Wurin yana da katanga? Yana cikin gari ko a bakin daji? An sanar da jami'an tsaro da mai unguwa? Idan amsoshin ba su kwantar da hankali ba, gara a yi taron da rana, kowa ya kwana a gidansu.

5. Daga ina ruwan sha yake zuwa, masai nawa ne kuma? Damina ce lokacin kwalara da gudawa. Akwai ma'aikacin lafiya a wurin? Wane asibiti ne mafi kusa, da wace mota za a kai yaro da dare?

Mai shiri na gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya amsa mana da cewa ba mu da bangaskiya, to, bai shirya ba.

Shirin tafiya

A jakar yaro a sa gidan sauro, rigar sanyi, sabulu, kofi da kwano nasa, tocila, Littafi Mai Tsarki da littafin rubutu. A rubuta sunansa a jikin kayan. Idan yana da sikila, asma ko farfaɗiya, a gaya wa shugaban a rubuce, a ba shi maganin a hannu. Kunya ba ta da wuri a nan: sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon sikila, malamin da bai sani ba zai iya sa yaron maci cikin ruwan sama.

Kafin ya tafi, mu zauna da shi mu faɗa masa a fili cewa ba wanda yake da izinin taɓa al'aurarsa, kuma duk wanda ya ce masa "kada ka gaya wa kowa", wannan maganar ce ta farko da zai kawo mana. Mu tabbatar masa ba za a doke shi don ya faɗa ba.

Sauran makonnin a gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hutu kuma shi ne lokacin da ya fi daɗewa a hannunmu. Ga abin da za mu iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba.

Mu ba yini tsari. Lokacin tashi, addu'ar iyali, aikin gida, awa ɗaya ta karatu, wasa, lokacin dawowa gida kafin duhu. A rubuta a manna a bango. Yara sun fi bin tsarin da aka yi shawara da su.

Mu koya musu aikin hannu. Yaro namiji ya iya dafa abinci da wanki, yarinya ta iya lissafin ciniki. Mai shekara 13 ko 14 zai iya zama wurin tela, kafinta ko mai gyaran waya da muka yarda da halinsa. Su taimaka a gona daidai ƙarfinsu, amma kada a ɗora wa yaro tankin feshi, kada kuma a bar maganin ciyawa ko na ƙwari inda hannunsa zai kai.

Mu san abokansu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shaye-shayen ƙwaya irin su tiramol, da cacar ƙwallo ta waya, sau da yawa ta hannun aboki suke shigowa a lokacin zaman banza. A gayyaci abokan su ci abinci a gidanmu, mu ji hirarsu. Waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Mu kula da ruwa da zazzaɓi. A hana wanka a kududdufi, tsohon ramin haƙar ma'adinai da rafin da ya kawo. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gwaji a ranar, kada a jira a ga ko zai sauka. Idan masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka zo, a karɓa, a kuma ba da shi har ƙarshe.

Mu saurare su. Idan yaro ya dawo daga sansani, kada tambayarmu ta tsaya a kan ko ya dawo da bokiti. Me ya koya? Wa ya zama abokinsa? Akwai abin da bai ji daɗinsa ba? Yaron da ya dawo ya yi shiru, ko ya ƙi ganin wani malami, a bi shi a hankali har a ji dalili.

Kira ga ikilisiya

Ba kowane gida ne zai iya biyan kuɗin sansani ba, musamman gwauraye da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Ƙaramar ikilisiya ma za ta iya buɗe majami'a da safe kwana uku a mako. Ɗalibanmu da suka dawo hutu daga manyan makarantu su koyar da lissafi da karatu, Zumuntar Mata ta koyar da girki da saƙa, dattawa su zauna a wurin domin lura. Wanda Allah ya buɗa masa ya biya wa maraya ɗaya. Ɗa na kowa ne.

Tun wannan mako, kowane gida ya zauna ya tsara hutunsa. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare yaranmu, ya mai da su makaranta lafiya. Amin.