Kafin Ka Jona Kwamfuta Biyu da Kebul, Ka San Wanda Ka Riƙe

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Aliero ta jihar Kebbi lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe na jami'ar kimiyya da fasaha ke fafutukar kammala furojet, ya san filashi ba ya hutawa. Ya fita daga wannan kwamfuta ya shiga waccan, daga hannun wannan ya koma aljihun wancan, kamar kofin randar masallaci. Tun da aka kafa jami'ar a 2006, garin da aka fi sani da albasa da gwanayen ɗori ya samu wata sabuwar sana'a ta masu kwamfuta. Haka abin yake a Jega, inda masu tura finafinai da wa'azi da karatu ke zaune da laftof a bakin kasuwa, da kuma Maiyama, inda malamin makaranta ke ajiye sakamakon jarabawar yara na shekaru a cikin tsohuwar kwamfuta guda ɗaya tak.

Wata rana dole a yi ƙaura. Mutum ya sayi wata laftof 'yar Beljiyam, tsohuwar ta fara nishi, yana son ya kwashe kayansa. Filashinsa gigabait 8 ne, kayan kuma sun kai gigabait 50. Ya ce zai ɗora su a intanet ya sauke, sai ya tuna kuɗin data da yadda sabis ke yawan ɗauke masa. A nan ne wani zai ce, "Ai sai ka jona su da waya kawai." Maganar gaskiya ce, ana yi, kuma ba ya cin ko sisin data. Amma wace wayar?

Akwai wani kebul na USB mai kai iri ɗaya gaba da baya, wato faffaɗan kan nan irin na filashi a kowane ɓangare. Yakan zo tare da fankar da ake ɗora laftof a kai don ta sha iska, ko tare da wasu gidajen rumbun ajiya na waje. Da ka gan shi za ka rantse an yi shi ne don haɗa kwamfuta biyu, tunda kowane kai yana shiga daidai. Kada ka kuskura. Kowace kafar USB irin wannan tana fitar da wuta bolt 5, domin an tsara ta ne ta ciyar da linzami ko filashi. Idan ka haɗa biyu kai tsaye, ka haɗa masu bayarwa biyu ba mai karɓa, kamar ka jona janareto biyu da waya ɗaya. In an yi sa'a kwamfutar ta kare kanta, babu abin da zai faru, fayil ma ba zai motsa ba. In ba a yi sa'a ba kafar ta ƙone, wani lokaci har ɓarnar ta taɓa babban allon cikin injin. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin gyaran wannan allo yakan kusa kai kuɗin wata laftof ɗin.

Kebul na USB da aka yi don wannan aiki daban yake. Za ka gane shi da wani ɗan kumburi a tsakiya ko a jikin kai ɗaya, inda aka sa ƙaramar na'ura mai shiga tsakani, kuma yana zuwa da manhajarsa. A zamanin Windows Vista da Windows 7 akwai ma wani shiri mai suna Windows Easy Transfer da ke aiki da shi, amma an cire shi a Windows 10. Ba kowane shago ke da irinsa ba, kuma mai shagon da bai san bambancin ba zai iya miƙo maka na fanka da zuciya ɗaya. Shi kuwa ƙaramin kan nan na USB-C, irin na cajar sababbin wayoyi, bai cika yin ɓarna ba saboda na'urorin sukan fahimci juna kafin wuta ta wuce. Sai dai a yawancin laftof, iyakar abin da za ka gani shi ne ɗaya tana cajin ɗaya. Tura fayil ta nan sai injinan biyu duk suna da Thunderbolt ko USB4.

Ni dai a ganina, wanda ya fi dacewa da mutanenmu shi ne kebul ɗin netwok, wanda ake kira Ethernet. Shi ne mai kai na roba garai-garai da ɗan maƙale, irin wanda ke bayan kwamfutocin cibiyoyin jarabawar JAMB. Ba shi da tsada, masu sayar da kayan kwamfuta suna yanko maka iya tsawon da kake so, kuma yana aiki har zuwa mita 100. Wani alherinsa da ba a cika faɗa ba: an gina kafarsa yadda wutar wannan inji ba ta ratsawa kai tsaye zuwa wancan, abin da ke da muhimmanci a wurin da kwamfuta ɗaya ke kan janareto ɗaya kuma ke kan wutar NEPA. A da sai an nemi na musamman wanda aka sarƙe wayoyin cikinsa, amma kwamfutocin da ke da kafar gigabit suna daidaita kansu, ko da ɗaya ce kawai daga cikin biyun ke da ita. Idan laftof ɗinka siririya ce marar wannan kafa, akwai ɗan adafta da ake sawa a USB.

Saurinsa fa? In duka biyun na gigabit ne, ana iya samun wajen megabait 100 a kowace daƙiƙa, wato gigabait 50 ɗin nan su wuce cikin kamar minti goma. In ɗaya tsohuwa ce mai gudun megabit 100, lissafin ya koma wajen megabait 11 a daƙiƙa, sai a shafe sa'a ɗaya da kwata. Dubban ƙananan hotuna sun fi babban fim ɗaya ɓata lokaci ko da nauyinsu ɗaya, tsohon rumbun ajiya kuma yana ƙara jan ƙafa.

Yadda ake yi bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Ka jona kebul ɗin, ka ba kowace kwamfuta lambar adireshi, misali 192.168.1.1 ga tsohuwar da 192.168.1.2 ga sabuwar, dukansu da 255.255.255.0 a layin da ke ƙasa. Ka shiga wurin da aka rubuta Advanced sharing settings ka kunna ganin juna da raba fayil. Sannan ka danna dama a kan foldar da kake son kwashewa, ka shiga Properties, ka zaɓi Sharing. A sabuwar kwamfutar ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\192.168.1.1, sai foldar ta bayyana bayan ka sa suna da kalmar sirri.

Wurin da ake yin kuskure shi ne idan abin ya ƙi. Windows takan ɗauki irin wannan haɗi a matsayin netwok ɗin da ba ta sani ba, sai ta ƙi buɗe ƙofa. Mai gaggawa, ko mai gyaran da layi ya taru a gabansa, sai ya kashe katangar tsaron kwamfutar ɗungurungum, ya cire neman kalmar sirri, ya raba dukan rumbun C ga Everyone, wato kowa da kowa. Aiki ya yi kyau, an kwashe kaya, an zare kebul, an yi sallama. Amma ƙofar tana nan a buɗe. Gobe mai laftof ya hau wayfay na makaranta ko na ofis, duk wanda ke kan layin kuma ya ɗan san kan abin zai iya leƙa foldojinsa: hotunan iyali, takardun banki, hoton katin NIN, furojet ɗin da aka sha wahala a kai. Saboda haka folda ɗaya kawai za ka raba, da kalmar sirri, kuma da ka gama ka koma ka rufe duk abin da ka buɗe tun kafin ka naɗe kebul ɗin.

Kada kuma a ɗauka kebul yana tace cuta. Gaskiya ne yana rage yawon filashi, wanda shi ne ke yaɗa bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun alamomi marasa komai, wanda kusan duk ɗalibi ya taɓa kuka da shi. Amma idan cutar tana cikin foldar da ka kwafa, ka yi mata rakiya ne zuwa sabon gida. Akwai ma masu bin hanyar raba fayil ɗin kanta. A watan Mayun 2017, WannaCry ta bi ta wani rauni a tsohon tsarin raba fayil na Windows ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin raunin tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta injinansu ba ne suka sha kashi. To, ka tambayi kanka nawa ne daga kwamfutocin shagunanmu ke kan Windows 7 har yau, wadda aka daina yi wa sabuntawar tsaro tun Janairun 2020. Ka bincike tsohuwar da manhajar kashe bairos kafin ka jona, ka kwashe takardu da hotuna da bidiyo kawai. Manhajoji kuwa a sake sa su sabo, don ko ka kwafe su yawanci ba za su yi aiki ba.

Sai maganar wuta, wadda ba sai an yi wa ɗan Kebbi dogon bayani ba. Kwafa za ka yi, wato Copy, kada ka yanke da Cut. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, wanda ya kwafa asalin kayansa na nan daram, sai ya sake. Wanda ya yanke kuwa zai tarar rabi a nan rabi a can, bai san inda aka tsaya ba. Laftof ɗin da batirinta ya mutu, irin wadda ke ɗaukewa da zarar an taɓa caja, kada a fara da ita sai an tabbatar da mai a janareto. In hadari ya haɗo ana walƙiya, a dakata. Bayan an gama, ka gwada adadin fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, ka buɗe wasu ka gani da idonka.

Da yawa ba za su yi wannan da kansu ba, wurin mai gyara za su kai, kuma babu laifi. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak. Sai dai kebul ɗin da ya kwashe gigabait 50 cikin minti goma zuwa sabuwar kwamfutarka, haka zai kwashe su zuwa ta mai shagon in ka ba da baya. Kada ka ajiye inji ka ce za ka je kasuwa ka dawo. Ka ja benci ka zauna, ka tambaya, "Malam, ina kayan ke zuwa?" Idan ya ce sai ya fara sauke su a tasa kwamfutar, ka tsaya ya goge a gabanka, har da kwandon shara. Mata musamman, waɗanda sukan aiki ƙane ko yaron gida da laftof, su sani hotunan biki da na cikin gida ba sa bukatar fiye da 'yan mintuna su canja hannu. Nijeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma hoton da ya riga ya shiga WhatsApp, kotu ba ta iya dawo da shi.

Tsohuwar kwamfutar ma kada a yi saurin rabuwa da ita. Ka bar ta mako ɗaya ko biyu har ka tabbata ba ka manta komai ba. In za ka sayar ko ka ba ƙaninka, danna Delete bai isa ba, domin akwai manhajojin kyauta da ke tono abin da aka goge. A Windows 10 da 11 akwai Reset this PC. Ka zaɓi cire komai, ka kuma kunna zaɓin share rumbun gaba ɗaya. Yakan ɗauki sa'o'i, don haka ka fara shi ranar da kake da tabbacin wuta.