Idan Ruwan Wanke Gilashin Mota Ya Ƙi Fitowa a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk mai bin hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, ko ta Kagoro zuwa Manchok, ya san yadda gilashin mota ke komawa. Iskar hunturu tana ɗauko farar ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, motocin da ke kwasar citta daga ƙauyuka suna tayar da ja, masu ƙona daji suna ƙara toka a kai. Da asuba raɓa ta sauka ta kwaɓa su wuri guda. A lokacin ne kuma hanya ta fi cika, ga masu dawowa gida Kirsimeti, ga masu zuwa bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Sai direba ya ja sandar waifa, roba ta yi ta kai da komo, ruwa ko ɗigo.

A ƙasashen da yawancin motocinmu suka fito, irin su Jamus da Kanada, idan haka ta faru da sanyin safiya ƙanƙara ake fara zargi. Ruwa yana daskarewa da zarar sanyi ya kai digiri 0, kuma idan ya daskare yakan kumbura har ya fasa tiyo ko tanki. Shi ya sa suke zuba wani ruwa, galibi shuɗi, mai haɗe da sinadarin metanol ko etanol, wanda za ka ga an rubuta -20 ko -40 a jikin jarkarsa. Mu a nan ba mu da wannan matsala. Ko Jos da ake tsoron sanyinta da wuya ruwa ya daskare, balle Kafanchan da ke gangaren tudun. Abin da ke toshe namu laka ce da sabulu, kuma galibi da hannunmu muka zuba su.

Kafin a nemi makanike, a fara da kunne. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka buɗe bonet, wani ya ja sandar, kai kuma ka saurara kusa da tankin ruwan. Akwai ɗan ƙaramin famfo a gindinsa. Idan ka ji gurnaninsa, to wuta lafiya lau, matsalar tana hanyar ruwa. Idan shiru, a duba fiyus, sannan soket ɗin da ke jikin famfon, wanda kan yi tsatsa ko ya kwance. A wasu motoci waifa da famfo fiyus ɗaya suke amfani da shi, a wasu kowa da nasa. Murfin akwatin fiyus zai nuna. Fiyus da soket lafiya amma shiru, famfon ne ya ƙone, sai mai gyaran wayarin. Abin da ya fi ƙona shi kuwa shi ne a riƙe sanda ana ta ja alhali tanki ya bushe.

Idan famfo yana kuka, kuma ka tabbata akwai ruwa a tanki, cire tiyon daga ƙasan bakin feshin da ke kan bonet, a sake jan sanda. Ruwa ya fito da ƙarfi? To bakin ne ya toshe. Raminsa bai fi tsinin allura ba, ƙura kaɗan ta ishe shi. A goge shi da tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi, a sa siririyar allura a hankali. Ban da ƙusa, ban da tsinken sakace da zai karye a ciki. Wanda ya fi haka shi ne a ciro bakin gaba ɗaya, a jiƙa shi a ruwan ɗumi da aka matsa lemun tsami, sannan a kai wa mai faci ya hura masa iska ta gaba, dattin ya fita ta inda ya shigo. Sababbin motoci da ke fesa ruwa a baje kamar hazo, nasu bakin ba ya son allura ko kaɗan, tana lalata shi. Jiƙawa da iska kawai.

In kuwa an cire tiyon ruwa bai zo ba, ko yana zuwa a sanyaye, leƙa ƙarƙashin mota. Ruwa a ƙasa alamar tiyo ya tsage ne ko ya zame, kuma wurin da ya fi tsagewa shi ne inda yake lanƙwasa a mahaɗin bonet, musamman da bushewar hunturu. Ɓera ma yakan ci nasa rabo idan mota ta daɗe a ajiye. Ƙasa a bushe kuma, to a koma tanki.

A nan ne yawancin laifin yake. Mun saba zuba ruwan rijiya ko na rafi, mu barbaɗa Omo don ya yi kumfa. Garin sabulu ba ya narkewa duka. Yana haɗuwa da laka da gansakuka ya zama wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya kwanta a gindin tanki, ya liƙe ɗan rariyar da ke bakin famfo. Mai wannan matsala zai iya wanke bakin feshi yau, jibi ya sake toshewa, ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Maganinsa a zare famfon, ruwan ya zube, a wanke rariyar, a ɗauraye tankin har sai ruwa ya fito garau. Bayan haka a riƙa zuba ruwa mai tsabta, ko da fiya wata ne. Mai hali ya sayi ruwan wanke gilashi na kanti, amma ya ɓoye shi daga yara, don mai metanol guba ne da ke makantarwa, yana kuma kisa. Ruwan lagireto kuwa kada ya kusanci wannan tanki. Maiƙo yake shafa wa gilashi. Murfin tankin da ake nema yana da hoton gilashi da ruwa yana tsartuwa.

Wani abu da ke rikita masu Golf da Sharan da Marsandi 'yan Kwatano: sukan ga waya ta shiga cikin bakin feshi, su ɗauka can ne wutar ta lalace. Wannan waya ta ɗumama bakin ce don kada ya daskare a Turai. A kudancin Kaduna ba ta da aiki, kuma ko ta tsinke ba ta hana ruwa fita, don haka kada a biya kuɗin gyaranta.

Kafin a samu gyara, kada a kunna waifa a kan busasshen gilashi. Yashin da ke cikin ƙura ya fi gilashi tauri, roba tana jan sa yana karce shi. Da rana ba za ka lura ba, sai da dare a gangaren Gidan Waya, fitilar tirela ta haske ka, ka ga gilashin ya watse da haske ba ka ganin gefen titi. Irin wannan karce ba ya wankuwa. A ajiye gorar ruwa a mota, a tsaya a kwarara ruwan daga sama ƙurar ta gangara tukuna, sannan a ɗaga waifa a goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma.