Gaskiya ko Jita-jita: Sai An Yanke Dashbod Tsohuwar Mota Ke Samun Sauti?

Duk wanda ya gaji Fijo 504 daga mahaifinsa, ko ya yi sa'ar Marsandi 200 da ba ta sha wahala ba, akwai ranar da shirun cikinta zai ishe shi. Kaset ya ɓace a kasuwa, waƙa da karatu duk sun koma cikin waya, tsohuwar rediyon kuwa sai shuu take yi. Da ya kai ta rumfar mai rewaya, kafin ya gama bayani an ɗauko zarto. "Alhaji, ai sai mun ɗan faɗaɗa wurin." Daga nan ɓarnar take farawa, kuma akasarin dalilan da ake kafawa ji aka yi a bakin wani.

Maganar dole sai an yanke jita-jita ce, ko da yake tana da tushe. Rediyon mota na yau yana da ma'auni guda, faɗin milimita 180 da tsayin 50. Jamusawa suka fara tsara shi da sunan DIN, duniya ta karɓe shi a 1984. Motocin da suka zo da ramin wannan ma'auni, irin Marsandin ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, ba ruwansu da zarto. A zare tsohon, a zura sabo. Matsalar tana ga waɗanda suka girme su, kamar Bitil ta shekarun 1960, inda dashbod ɗin ƙarfe ne, an huda shi daidai ƙaramar fuska da sandunan murɗi guda biyu, ɗaya na ƙara murya, ɗaya na neman tasha. Sabuwar rediyo ba ta shiga nan, gaskiya ne. Sai dai ba ita kaɗai ce hanya ba.

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. RetroSound na Amurka yana ƙera rediyo mai fuskar da, wanda ake matsar da sandunan murɗinsa su dace da hujin da motar ta zo da shi, cikinsa kuwa Bluetooth ne da wurin filash. Blaupunkt ya sake fito da Bremen SQR 46 na 1986 da kamanninsa na asali amma da hanjin zamani. A 2020 Porsche da kansa ya fitar da irin wannan don tsofaffin 911 ɗinsa. Kuɗinsu da nauyi, kuma sai an yi odarsu daga waje.

Ni dai na fi son hanyar da ba a taɓa fuskar motar sam. A bar tsohuwar rediyo inda take, a ɓoye ƙaramin amfilifaya mai Bluetooth ƙarƙashin kujera ko cikin akwatin dashbod, waya ta riƙa aika masa sauti. Na zamani, da ake kira Class D, wasunsu ba su wuce tafin hannu ba, ba sa zafi sosai, ba sa shan wuta kamar na da. Wani abin da masu gyara da yawa ba su lura da shi ba: Becker da Blaupunkt na shekarun 1960 da 1970 da dama suna da zagayayyen soket a bayansu, wanda aka yi don jona na'urar kaset. Ana sayar da ɗan abin Bluetooth da ake cusawa a nan, sai ka ji waƙar wayarka tana fitowa ta rediyon da ya girme ka, kana ƙara murya da murɗinsa na asali. Duk waɗannan, ranar da ka ga dama ka cire su motar ta koma yadda take. Ƙarfen da aka yanke kuwa ko fanalbita ya yi walda ya shafa fenti, mai ido zai gane.

Sai batun lambar da ake rubutawa a kwali, 4 x 50W, wadda mai shago ke nuna maka da yatsa. Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma ƙarfin ƙiftawar ido ne, lokacin da sautin ya riga ya fashe. Rediyon da ke aiki kai-tsaye da bolt 12 zuwa 14 na mota, da sifika mai om 4, abin da yake iya bayarwa tsaf ba tare da gurɓata ba bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba. Lissafin wuta ne ya ƙayyade haka, ba rowar kamfani ba. Kuma wat 20 ya ishi cikin 504 har ya yi yawa.

Abin da ya fi lalata sauti a tsohuwar mota sifika ce, ba rediyo ba. Ta takarda ce, ta shekara talatin ko arba'in tana gasuwa a ƙarƙashin gilashi, ta sha ƙurar hunturu, soson da ke gefenta ya rududduge. Ka jona mata rediyon da ya fi kowanne tsada, kakari za ta yi maka. Motoci da yawa na wancan zamani sifika ɗaya tal suke da ita a tsakiyar dashbod. Akwai sabuwar sifika mai ƙulli biyu a jiki ɗaya, wadda ke karɓar hagu da dama lokaci guda, ta zauna a ramin tsohuwar, ragar asali ta rufe ta. Mai son ƙarin duma ya sa siririyar wufa a ƙarƙashin kujera. Abin da nake jin zafinsa shi ne huda kwalin ƙofa ko allon bayan kujera don dasa manyan sifiku masu walƙiya. Ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano neman kwalin ƙofar 504 mai lafiya, za ka san abin da aka ɓarar, duk da cewa tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, 504 kuma ta kai cikin shekarun 2000 ana yin ta a can.

"Ai waya ce, ja da baƙi, a ɗaura kawai." Wannan ita ce jita-jitar da ta fi ƙone kaya. A tsohon wayarin, sau da yawa waya ɗaya ce ke zuwa sifika, ɗaya ƙafar a ɗaure ta a jikin bodi. Sabon rediyo kuwa ƙafafun sifikarsa biyu duk suna ɗauke da wuta. Da ɗaya ta taɓa bodi, ko dai ya ɗauke ko ya ƙone. Dole a ja wa kowace sifika sababbin wayoyi biyu nata na kanta. Akwai kuma motocin da wutarsu ma daban take. Bitil bolt 6 take amfani da shi sai daga samfurin 1967 ta fara komawa 12. Motocin Ingila da yawa, irin su Morris Minor da tsohuwar Land Rover, har tsakiyar shekarun 1960 kan batir na fositif ake ɗaurewa a bodi, akasin yadda ake yi yau. Wanda ya ɗaura sabon rediyo a irin wannan mota bai bincika ba, hayaƙi zai fara gani kafin ya ji murya. Ko a juya wutar motar, ko a sa na'urar da ke daidaitawa.

Cewa sabon kaya yana kashe batir, rabi gaskiya ne. Rediyo shi kaɗai ba ya jan abin a zo a gani. Wayarsa mai ruwan ɗorawa, wadda ke riƙe agogo da tashoshi, 'yar mitsitsiyar wuta take sha. Laifin yana ga ja: ita ya kamata ta bi makulli, amma don sauƙi sai a haɗe ta da ɗorawar a kai su batir, rediyo ya kwana a farke. Motar da sai ranar Juma'a ko biki ake fito da ita, ba ta jure wannan. Babban amfilifaya kuma wani zance ne, musamman a motar da har yanzu dainamo take amfani da shi maimakon altaneta, don dainamo ba ya caji sosai idan injin yana silo. Ko ma mene ne aka sa, wayar da ta taso daga batir a sa mata fis kusa da kan batirin, kada ya wuce kamu ɗaya. Tsohon kafet da tsohuwar roba ba sa jiran a kira 'yan kwana-kwana.

Darajar mota fa, tana faɗuwa? In an yanke, ƙwarai kuwa. A Jamus, tun 1997 motar da ta cika shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, da sassaucin haraji, bisa sharaɗin ta kasance kusa da yadda ta fito, canjin da ke jikinta ya dace da zamaninta. Shi ya sa a can tsohon Becker mai aiki kaya ne mai kuɗi. A nan mai rewaya kan jefa shi cikin kwandon tarkace. Karɓi abinka ka adana, da murɗansa da ƙarafan da ke riƙe shi.

Dattawan da ke cewa tsohuwar rediyo ta fi kama tasha, su ma ba a banza suke faɗa ba. Dubi maɓallan Becker Europa, za ka ga L, M, K da U. K ɗin nan gajeren zango ne, mita 49, inda aka san Rediyon Kaduna a kan 6090, sababbin rediyon mota kuwa kaɗan ne ke da gajeren zango. A matsakaicin zango ma tsofaffin ba kanwar lasa ba ne. A FM ne suke gazawa: da yawa daga na Turai na wancan lokaci allurarsu a 104 take tsayawa, alhali tashoshi sun kai 108, don haka duk tashar da ke sama da nan ba za ka same ta ba ko eriyarka ta kai gora. Idan tsohon ya yi rauni ko yana gurnani, yawanci ƙananan kafasito ne suka bushe a ciki, mai gyaran rediyo na unguwa zai canza su da kuɗi kaɗan. Kukan da ke tashi yana sauka tare da totur kuwa ba daga rediyo yake ba. A duba wayar da aka ɗaure a bodi ko ta kama ƙarfe mai tsabta, sannan a duba wayoyin fulogi da altaneta.