Ɗakin Karatun da Ya Ɗauki Masu Kwana a Titi Aiki

A birnin San Francisco na jihar Kalifoniya a Amurka, tun kafin a buɗe babban ɗakin karatu na gwamnati da ke titin Larkin, mutane kan yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Da yawansu ba ɗalibai ba ne. Wasu a gefen titi suka kwana, wasu a gidajen kwanan agaji, waɗanda galibi da gari ya waye sai a ce kowa ya kama gabansa. Ga jaka a kafaɗa, ga bargo a naɗe. Ina mutum zai nufa? Ɗakin karatu ne wurin da za ka samu kujera da banɗaki da kwamfuta, ka wuni ba wanda ya ce ka sayi ko da shayi.

Ma'aikatan wurin sun sha fama. Wannan na barci a kan tebur, wancan na wanke jiki a banɗaki, wani kuma taɓin hankali ya motsa masa yana ta surutai. Abin da aka saba shi ne a kira mai gadi ya fitar da mutum. A garin Morristown na jihar New Jersey ma har kotu aka je: wani marar matsuguni, Richard Kreimer, ya kai ƙara bayan an yi ta korarsa daga ɗakin karatun garin saboda warin jiki da ƙura wa mutane ido. Ya yi nasara a 1991, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1992, amma ta yarda cewa shiga ɗakin karatu na gwamnati yana cikin 'yancin ɗan ƙasa na neman ilimi.

San Francisco ta bi wata hanya daban. A 2009, tare da hukumar lafiya ta birnin, ɗakin karatun ya ɗauki Leah Esguerra, ƙwararriya kan lafiyar ƙwaƙwalwa da walwalar jama'a, aiki na dindindin. Ita ce ta farko a irin wannan matsayi a duk ɗakunan karatun Amurka. Ba ta zauna a ofis tana jira ba. Hawa-hawa take bi a tsakanin kantocin littattafai, ta gaisa da mutum, ta faɗa masa ko ita wace ce, ta bar shi. Wani sai bayan makonni yake sakin jiki ya ce yana son ganin likita, ko yana neman wurin kwana. Daga nan sai cike takardu da buga waya, har a samu ɗaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin da ya biyo baya. Aka fara ɗaukar mutanen da su kansu suka taɓa kwana a titi, ana biyansu albashi, suna zagayawa suna duba banɗakuna, suna tayar da mai barci cikin mutunci, suna nuna masa inda ake raba abinci da inda ake wanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda ya ƙi sauraron mai kaki yakan saurari wanda ya ce masa, a kan wannan kujerar ni ma na taɓa wuni.

Maganar wanka ma ta samu mafita. Wata ƙungiya mai suna Lava Mae, wadda Doniece Sandoval ta kafa, ta mayar da tsofaffin motocin bas na birnin wuraren wanka, ta riƙa ajiye su kusa da ɗakin karatun.

Matsalar tsadar haya a San Francisco ta fi ƙarfin ɗakin karatu, kuma har yau dubban mutane na kwana a waje. Amma cikin 'yan shekaru mutum fiye da 100 suka samu gidan zama ta hannun Esguerra da abokan aikinta. Washington ta ɗauki tata jami'ar a 2014, Denver a 2015, wasu birane da dama suka biyo baya.